Dutsen da Ke Bayan Kawu

Mai Fenti yana tsugune a ƙofar shagonsa yana wanke buroshi a gwangwanin kananzir, sai ƙafafu biyu suka tsaya a gabansa, ɗaya da takalmi shuɗi, ɗaya da baƙi. Da ya ɗaga kai sai ya ga matar Auta ce, matar ƙanensa. Macen da ba ta leƙa ƙofar gida sai ta gaisa da madubi sau uku, in ka ga ta ratso kasuwa kowace ƙafa da irin takalminta, ba sai an ce maka ba lafiya ba.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Me ya faru? Ina shi Autan?"

"Yau kwana biyu bai dawo gida ba." Ta matso kusa. "An kashe Kawu, Yaya."

Buroshin ya suɓuce masa ya nutse cikin kananzir.

Kawu ba mutum ba ne, ko da yake a gidansu an fi ambatonsa a kan wasu kawunnan na jini. Toron giwa ne, mafi tsufa a gandun dajin da Auta yake gadi, mai haure biyu da suke kusan sharar ƙasa idan yana tafiya. Masu gadin dajin ne suka raɗa masa sunan, wai don yana kallon mutum irin kallon da kawu yake yi wa ɗan da ya girma bai yi hankali ba.

"Inna lillahi," in ji Mai Fenti. "Yaushe?"

"Shekaranjiya Auta ya tsinci gawar. Ya koma ofis ya faɗa, shi ke nan suka riƙe shi. Wai shi kaɗai ya san inda Kawu yake ɓuya da rani, don haka shi ya nuna wa ɓarayin haure hanya. Da la'asar 'yan sanda za su zo su tafi da shi." Muryarta ta karye, ta kama bakin mayafi ta danne. "Direban ofis ne ya biyo ya gaya mini. Ya ce Ogansu ya ce ka je da littafinka."

"Auta ne zai sayar da Kawu? Ai gara a ce mini ni ya sayar, sai in fi yarda." Ya miƙe yana goge hannu a jikin wando. "Koma gida wurin yara. Yau Ogan nan zai ji abin da bai taɓa ji ba."

Ta miƙa masa kwanon abinci ɗaure cikin ƙyalle. "Ka ce masa ya ci. Na san halinsa, in ransa ya ɓaci ko ruwa ba ya sha."

Ya shiga shagon, ya tsallake allunan da suke jingine da bango, ya ɗauko littafin daga saman kanta inda ɓera ba ya kaiwa. Babban littafi ne mai baƙin bango, kowa a ofishin gandun daji yana ce masa littafin kunnuwa.

Ba da giwayen gaske Mai Fenti ya fara ba. Shekara ashirin ya yi yana zane a bayan manyan motoci: zaki, mikiya, dawisu, sai kuma giwa, wadda direbobi suka fi so saboda kowa yana ganin motarsa ita ce giwar hanya. A lokacin ko a mafarki bai taɓa ganin giwa ba, a jikin kwalin ashana ya haddace ta. Wata rana Auta, wanda bai fi wata uku da saka kakin masu gadin daji ba, ya tsaya a bayansa yana kallo, ya ce, "Yaya, wannan randa ce aka yi wa ƙafafu, ko kuwa idona ne?" Direbobi suka tuntsire da dariya. Sati guda Mai Fenti bai amsa gaisuwar ƙanensa ba. A rana ta takwas ya ce masa, "To, sarkin sani, kai ni in ga ta gasken."

Ya je ya gani, kuma bai dawo daidai ba. Abin da ya fi kama shi kunne ne. Ashe babu giwa biyu masu kunne iri ɗaya. Ƙaya da faɗa da tsufa kowanne yana barin tabonsa, kuma da wannan tabon masu gadi suke gane su, kamar yadda uwa take gane 'ya'yanta da tari. Ya fara zana musu kunnuwan, na dama da na hagu a shafi ɗaya, tsaga ba ta wuce inda take, huda ba ta ƙara girma. Tun daga nan ya yi rantsuwa ba zai sake yin ƙarya da buroshi ba. Ya daina aikin motoci. In mai saye ya ce a ƙara wa giwa tsawon haure don ta yi kyau a falo, sai ya nuna masa ƙofa. Mutane suka ce girman kai ne, shi kuwa ya ce gaskiya ce, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba.

A bana ne ofishin ya buga kalanda da zane-zanensa goma sha biyu, a ƙasan kowane shafi an rubuta: A bar wa giwa haurenta. Aka raba kyauta a kasuwanni da tashoshin mota da makarantu. Kawu ne a shafi na uku.

Ƙaramar bas ɗin da ya shiga ta cika maƙil. Ya zauna a gefen taga, littafi a ƙirji, kwano a cinya, yana ta shirya maganganun da zai yayyafa wa Oga. Zai tuna masa shekarar da harsashi ya goge cinyar Auta saboda giwayen nan. Zai tambaye shi, shi da yake zaune ƙarƙashin fanka, sau nawa ƙaya ta taɓa soke shi. Yana cikin jera su ne motar ta fara ɗingishi, direba ya yi tsaki ya gangara gefen titi. Tayar baya ta sace. Allah ya taimaka akwai rumfar mai faci a nan mararrabar da hanyar gandun daji ta rabu da babban titi.

Fasinjoji suka sauko suna mita. Mai Fenti ya samu benci a cikin rumfar, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi da bahon baƙin ruwan da ake neman huda a ciki. Yana zama idonsa ya faɗa kan kalandarsa, rataye da ƙusa a jikin ginshiƙi, gefenta duk shatin yatsu masu baƙin mai. Ya miƙa hannu yana ɗaga shafukan, don yana so ya ga fuskar Kawu ko sau ɗaya kafin ya isa. Na ɗaya, na biyu, na huɗu. Na ukun babu, sai ɗan guntun takarda a jikin waya.

"Wa ya yage shafin nan?"

Mai faci, wani kakkauran mutum mai fara'a, ya ɗago daga kan tayar. "Kai ma ka kula? Ai shi ya fi kowanne kyau."

"Ni na zana shi," in ji Mai Fenti. Ko a ranar baƙin ciki mai sana'a ba ya ƙin yabo.

"Kai ne?" Mai faci ya ajiye ƙarfen hannunsa, ya goge tafi a ƙirji, ya zo ya kama hannun Mai Fenti da hannu biyu. "Allah ya yi wa hannun nan albarka! Ai kai ba zane kake yi ba, wuri kake ɗaukowa ka ajiye a takarda. Akwai wani tsoho mai ɗiban zuma da yake hira a nan, a kan bencin nan da kake zaune. Ranar da aka kawo kalandar, yana ganin shafin ya ce, 'Kai! Ga dutse mai tsaga, ga kukar da ta sunkuya a kansa! Akwai idon ruwa a gindinsa, na sha da tafin hannuna ina saurayi.' Muka ce tsoho ya fara ruɗewa, zane ne kawai. Ya rantse ya maya. Tun daga ranar duk wanda ya zauna nan sai ya sha labarin dutsen nan, ko yana so ko ba ya so."

Mai Fenti ya zare hannunsa. "Na ce wa ya yage?"

"Wasu baƙi ne su biyu a kan babur, yau kamar sati uku. Suna jiran faci tsohon ya buɗe musu labarinsa. Mutanen kirki, wallahi, ba su gaji da shi ba kamar mu. Suka zauna suna ta yi masa tambayoyi, shi kuwa daɗi ya kama shi, ya ɗauki tsinke ya zana musu hanyar a ƙasa tiryan-tiryan, nan inda ƙafarka take. Da za su tafi ɗayan ya ce in ba shi shafin, wai 'yarsa tana son giwa. Na ce wata ya riga ya wuce, ɗauka." Ya dube shi. "Lafiya, maigida? Ko in kawo maka ruwa?"

Mai Fenti ya janye ƙafarsa daga wurin kamar ya taka wuta.

Da damina Kawu ba ya ɓuya. Yana fitowa fili kusa da hanyar masu sintiri, kowa ya gan shi, kuma ido yana kansa. Da rani ne yake ɓacewa, ya tafi inda Auta kaɗai ya sani, tun da tsohon mai gadin da ya nuna masa wurin ya rasu. Dokar aikin ita ce ba a kai kowa, ko Oga bai san wurin ba sai a matsayin ɗigo a taswirar da yake kullewa a durowa. Bara da rani Mai Fenti ya matsa sai an kai shi. Auta ya ce doka ta hana. Mai Fenti ya ce, "Ni da na goya ka bayan rasuwar Baba, yau ni kake karanta wa doka?" Wannan maganar ba ta da amsa, kuma ya san ba ta da ita, shi ya sa ya faɗe ta. Suka yi tafiyar yini guda a ƙasa. Suka tarar da Kawu tsaye a inuwar dutsen da ya tsage biyu, kuka ta sunkuyo a kansa, yana watsa wa bayansa ruwa a hankali irin na tsofaffi. Auta ya raɗa masa a kunne, "Yaya, ka zana shi, amma ka bar wurin."

Bai bar wurin ba. Ya gwada, ya sa wa Kawu wani daji na daban a baya, sai ya ga kamar ya sa wa dattijo rigar aro. Ya goge ya mayar da dutsen, da tsagarsa, da kukar, har da reshen da ya bushe. Oga ya ɗauka daga ka ya ƙirƙiro wurin, kamar yadda masu zane suke yi, shi kuwa ya bar shi a haka. Ranar da kalandar ta fito Auta ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Yaya, dutsen nan..." Mai Fenti ya katse shi, "Duwatsu nawa Allah ya halitta a daji? Wa zai gane?" Auta ya sunkuyar da kai.

Direba ya yi oda. Mai Fenti ya shiga motar, kuma duk maganganun da ya shirya wa Oga ya bar su a kan bencin mai faci.

Ofishin gandun daji dogon gini ne mai rufin kwano, da fili a gabansa inda ake ajiye motocin sintiri. Masu gadi uku suna zaune a baranda. Suka gaishe shi a gajarce, kowa idonsa a ƙasa. Ya ce yana so ya fara ganin ƙanensa. Ɗayansu ya kai shi sito ya buɗe kwaɗo.

Auta yana zaune a kan buhu, a tsakiyar tarkuna da wayoyin da shi da kansa ya kwance daga daji shekara da shekaru. An karɓe masa bel da takalma. Ƙafafunsa tsirara a kan siminti su ne suka fi ba Mai Fenti tausayi, farare sol, ƙafafun mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu cikin takalmin sintiri.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ka sha hanya."

Mai Fenti ya ajiye kwanon. "Ta ce ka ci." Ya tsuguna a gabansa. "Na tsaya wurin mai facin mararraba. An yage shafi na uku. Wasu baƙi biyu aka ba, bayan wani tsoho ya kwatanta musu dutsen."

Auta bai yi mamaki ba, ya dai lumshe ido. "Na yi zato. Sawunsu bai yi yawo ba, kai tsaye suka nufi wurin kamar masu zuwa gidan surukai."

"Ka yi zato, kuma ka zauna kwana biyu ba ka faɗa ba?"

"In ce me? In ce yayana ne?" Ya sassauta murya. "Saurara, Yaya. Ba su da hujja a kaina. Za su riƙe ni wata ɗaya ko biyu, su gaji su sake ni, ƙila ma in dawo aiki. In ka buɗe baki, sunanka ya ɓaci har abada, ni kuma a kore ni yau ɗin nan, don ni na karya doka na kai ka. Ka ga an yi biyu babu. Ka duba musu kunnen Kawu da suka yanko, ka sa hannu, ka koma gida."

"'Ya'yanka fa? A riƙa nuna su ana cewa ga 'ya'yan wanda ya sayar da Kawu?"

"Mutane suna mantuwa."

"Ba sa manta irin wannan."

"Don Allah, Yaya. Ban taɓa roƙonka komai ba." Ya ɗago ya dube shi. "Sai sau ɗaya."

Bai faɗa da zafi ba, amma Mai Fenti ya ji ta har ƙashi. Ya tashi ya fita ba tare da ya yi alkawari ba, ba tare da ya ƙi ba.

Oga yana jiransa a bayan ginin. Gajeren mutum ne mai tabarau, ba mugu ba ne, ya san dajin nan kamar tafin hannunsa, amma a taswira. Yau idanunsa sun yi ja. Ya ce ɓarayin sun sare fuskar gaba ɗaya da gatari don su zare hauren daga tushe, ungulaye kuma sun yi nasu aikin, saboda haka ba zai rubuta wa na sama cewa Kawu ne ba sai littafi ya tabbatar. Ya yi wa masu gadi alama suka yaye tampol.

Kunnen hagu ne aka yanko. Yana shimfiɗe a ƙasa kamar tsohuwar tabarma, ƙuda sun baibaye gefensa, wari ya tashi. Mai Fenti ya durƙusa, ya buɗe shafin farko na littafin ya ajiye a gefe. Ba ya bukatar littafin, amma ya bi aikin yadda ake yi. Tsaga uku a ƙasan kunnen, ta tsakiya ta fi zurfi. Huda ɗaya a sama, daidai girman murfin kwalba, inda wani tsohon harsashi ya wuce tun kafin a haifi Auta. Ya sa yatsa a hudar. Sau nawa ya zana ta, bai taɓa taɓa ta ba sai yau. Fatar ta yi sanyi, ta yi tauri. Wannan kunnen ya gani yana kaɗawa a inuwar dutse, a hankali, kamar mafici a hannun tsoho. Hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye shi ba.

"Shi ne," ya ce.

Oga ya cire tabarau ya goge. "Shekara sittin yana kuɓuce musu. Zo mu shiga ciki."

A ofis fanka tana juyawa tana ƙara. Oga ya sa aka kawo Auta, ya tsaya a bakin ƙofa ba takalmi. Oga ya tura wa Mai Fenti takarda da biro.

"Sa hannu a nan, cewa ka duba ka tabbatar. Ka yi haƙuri, na san ƙanenka ne, ni ma ban so ba. Amma wurin nan ba a kan hanya yake ba, ba wanda zai faɗa cikinsa bisa kuskure. Da ɗan gari akan ci gari."

Mai Fenti ya ɗauki biron. A bango, daidai saman kan Oga, kalandar tana rataye. Wata biyu ke nan da wucewar shafi na uku, amma Oga ya ƙi juyawa saboda son da yake yi wa zanen. Kawu yana tsaye yana kallonsu da kallon nan nasa, ga dutse a bayansa, ga kuka. Sa hannu kawai zai yi, ba wanda ya ce ya yi ƙarya, shiru kawai ake nema a wurinsa. Ya ji idon Auta a ƙeyarsa yana roƙo. Ya ɗora bakin biron a kan takarda, hannun ya ƙi tafiya, kamar yadda ya ƙi ranar da ya so ya sa wa Kawu dajin aro. Hali zanen dutse ne. Taurin kan da ya kashe Kawu shi ne dai ya buɗe masa baki.

"Ranka ya daɗe, ɗan garin yana bayanka."

Oga ya juya ya dubi bango, ya juyo. "Ban gane ba."

"Yaya," in ji Auta. "Yaya, bari."

"Yi mini shiru." Bai waiwaya ba. "Dutsen nan ba daga kaina na ƙirƙiro shi ba. Haka yake, a nan Kawu yake shan ruwa da rani, a nan kuma aka kashe shi. Ni na tilasta wa yaron nan ya kai ni. Ya roƙe ni kada in zana wurin, na zana. Ka aika wurin mai facin mararraba, zai gaya maka wanda ya gane dutsen, da waɗanda ya yage wa shafin, da kamanninsu, da irin babur ɗinsu."

Fanka ta yi ta juyawa. Oga ya tashi a hankali, ya matsa kusa da kalandar har tabaransa ya kusa taɓa takardar. Ya daɗe a haka. Ya kira masu gadi biyu daga cikin waɗanda suka je ɗauko kunnen, ya nuna musu. Babban cikinsu ya duba, ya dafe kai.

"Wallahi shi ne, Oga. Mun tsaya a gindinsa jiya. Hankalinmu yana kan gawar, kuma kullum muna wuce zanen nan, giwar kawai muke kallo."

"Dubu biyar muka buga," in ji Oga, ba da kowa yake ba. "Ni na sa hannu. Ni na ce a kai har tashar mota." Ya cire kalandar daga ƙusa, ya kife ta a kan tebur, ya zauna kamar wanda aka zare wa laka. Ya tura mota wurin mai faci, ya buga waya ya ce wa 'yan sanda ba sai sun zo ɗaukar kowa ba, su dai same shi a mararraba. Sannan ya dubi Auta.

"Ba kai ka sayar da shi ba, na ji, kuma zan faɗa a gaban kowa. Amma ka kai mutum inda doka ta ce kada a kai kowa. Ka san abin da ke biye da wannan."

"Na sani, Oga."

"Ka ajiye kakin a sito." Ya juya ga Mai Fenti. "Kai kuma ban san abin da zan ce maka ba. Ka rufe shafinsa, ka bar mana littafin."

Haka ake yi idan giwa ta mutu: a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta rana. Sau goma sha ɗaya Mai Fenti ya taɓa jan wannan layin, kowane sau yana tsine wa wanda ya jawo. Yau ya ja na goma sha biyu bakinsa a rufe. Layin ya karkace, karo na farko a littafin.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka fito bakin babban titi. Takalman sintiri na ofis ne, don haka wani mai gadi ya ara wa Auta silifas da suka yi masa kaɗan, dugadugansa suna taka ƙasa. Yana sanye da tsohuwar riga, yana riƙe da kwanon abincin da har yanzu ba a kwance ƙyallensa ba. Suka tsaya suna jiran mota, tsakaninsu kamar taku uku. Mai Fenti ya so ya ce a yafe masa, amma bakin da ya saba ba da umarni shekara talatin bai san ta inda ake fara wannan ba.

"Me za ka ce mata?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Zan ce na dawo."

Wata tsohuwar babbar mota ta taho tana nishi da lodin buhuna, ta rage gudu saboda ramin da ke gabansu, ta wuce. A ƙyauren bayanta, ƙarƙashin ƙura da tsatsa, akwai giwa: ƙatuwar randa mai ƙafafu huɗu, kunnuwa kamar faifai, haure a miƙe kamar ƙahon sa. Ba daji a bayanta, ba dutse, ba komai, tsaye take a kan shuɗin fenti. Mai Fenti ya gane hannunsa tun kafin ya ga ɗan sunan da ya saba sakawa a kusurwa.

Auta ma ya gani. Ya bi motar da kallo har ta fara hawa gangare.

"Taka ce, ko Yaya?"

"Tawa ce. Ta fi shekara goma sha biyar."

"Ita dai tana nan da ranta," in ji Auta. Ya sauya wa kwanon hannu, ya share ido da bayan ɗayan. "Da na sani, ranar nan da na bar ka da randarka."